Kurakuran da ake yawan tafkawa wajen haɗa PROTAC, da yadda za a gyara su

Duk mai aikin PROTAC, wato sinadarin da ake haɗawa don ya sa sel ya kawar da wani furotin, ya san zancen a baki kamar wasa, guntu uku ne kawai: ɗaya ya kama furotin ɗin da kake son kawarwa, ɗaya ya kama E3 ligase (enzayim ɗin da ke sa a manna wa furotin tambari), sai linka a tsakiya ta ɗaure su. Sel ya manna wa furotin ɗin tambarin ubiquitin, proteasome, wato injin niƙa furotin na sel, ya niƙe shi. Tun 2001 da su Craig Crews da Raymond Deshaies suka fito da dabarar ake kan wannan tsarin, amma wallahi wajen haɗa guntayen nan ne mutane ke ɓata watanni a banza.

Linka ita aka fi rainawa. Sai mutum ya sayo linkar PEG (polyethylene glycol) mai tsayi ɗaya tak, ya haɗa, bai ga komai ba ya ce ai furotin ɗin ba ya niƙuwa. Haba. Atam biyu ko uku ma kan canza labarin gaba ɗaya, don sai furotin ɗinka da ligase sun zauna daf da juna yadda ya kamata kafin a manna tambarin. Ka haɗa gajere da matsakaici da dogo, ka gwada alkil, ka gwada masu tauri irin piperazine, in kana da guntaye masu azide da alkyne ma kilik kemistiri, wato hanyar ɗaure su biyun cikin sauƙi, zai ba ka jeri guda cikin 'yan kwanaki. Kuma tun kafin nan ka duba ta ina za ka liƙa linkar, ta ɓangaren da ke leƙowa waje ake liƙawa, in ka toshe inda yake cafke furotin shi ke nan ka kashe shi.

Wani abu da ke ci min rai shi ne DMF, ruwan da ake narkar da sinadarai a ciki wajen haɗi. Za ka ɗora 4-fluorothalidomide (guntun da zai kama ligase) da amin ɗinka (linka mai amine) da DIPEA (sinadari mai alkali) a cikinsa ka ba shi zafi, DMF ɗin ya riƙa sakin dimethylamine a hankali, shi kuma ya riga amin ɗinka shiga, sai ka ga wani ɗigo rawaya a farantin gwaji na TLC ka ɗauka kayanka ne. Koma DMSO, wani ruwan narkarwar, kuma kar ka yarda da launi, LC-MS, na'urar da ke auna nauyin sinadari, ita ce za ta faɗa maka gaskiya. Zoben glutarimide ɗin da ke jikin thalidomide ma ba ya jure ruwa mai alkali, ɓallewa yake, saboda haka a ajiye shi busasshe cikin sanyi, a raba ruwan DMSO ƙanana ƙanana maimakon a yi ta daskararwa ana narkarwa.

Sai masu zuba magani da yawa wai don ya fi ci. A PROTAC abin juyewa yake, in ya yi yawa kowace ƙwaya ta kama ɓangare ɗaya shi kaɗai, ukun ba su haɗu ba, sai ka ga layin furotin ɗin a gwajin western blot ya dawo ɓaro-ɓaro a 10 micromolar alhali a 100 nanomolar ya ɓace. Ka faɗaɗa gwajin tun daga ƙasa sosai, ka duba a awanni daban daban.

Kwantirol, wato gwajin kwatance da ke tabbatar da cewa PROTAC ɗin ne ya yi aikin, kuwa ba a sasanci a kansa. In ligase ɗin VHL kake amfani da shi ka haɗa tagwayen PROTAC ɗin da aka juya hydroxyproline ɗinsa don ya kasa kama VHL, kamar yadda ake gwada PROTAC ɗin MZ1 da tagwayensa cis-MZ1, in ligase ɗin cereblon ne ka sa methyl a kan naitirojin ɗin glutarimide. Ka zuba MG132 mai toshe proteasome ko MLN4924 mai kashe aikin waɗannan ligase ka gani ko furotin zai tsira. Kuma ka tuna pomalidomide, guntun da ke kama cereblon, shi kansa yana share furotin IKZF1 da IKZF3, don haka in sel suka mutu ka yi proteomics, wato auna dukkan furotin ɗin sel, tukuna kafin ka ce naka furotin ne sanadi.