Yadda za ka ji daɗin anime da manga na duniyar ɓoye

Duk wanda ya ce mini yana son fara kallon anime, wato katun ɗin Japan, na mayu da dodanni da halittun ɓoye, abu na farko da nake roƙonsa shi ne kada ya fara da Naruto. Labarin yana da kyau, amma kashi 220 ne a farko, ci gabansa kuma kashi 500, kuma da dama daga ciki ciko ne da aka yi don a jira marubucin ya yi nisa da manga, wato littafin zanen da ake ɗauko labarin daga ciki. Sabon shiga zai ƙone datarsa, ya gaji tun bai kai ga tsokar labarin ba, ya tafi yana cewa ai katun ɗin yara ne. Gara ka ware dare ɗaya, ka cika waya da caji, ka kalli fim guda mai farko da ƙarshe: Spirited Away na Hayao Miyazaki, wanda kamfanin Studio Ghibli ya fitar a 2001, ya kuma ci kyautar Oscar a 2003. Awa biyu ne da 'yan mintuna.

Kana kallo, ka sa ido kan abu ɗaya: doka. Duniyar ɓoye a labarin Japanawa tana da ƙa'idojinta, kuma duk abin da mutum ya samu a cikinta sai ya biya wani abu. Chihiro yarinya ce 'yar shekara 10. Iyayenta sun tarar da abinci jibge a wata rumfa babu mai shi, suka zauna suka hau ci da niyyar biya daga baya, suka rikiɗe suka zama aladu. Ita da ta ƙi ci sai jikinta ya fara ɓacewa, har sai da yaron nan Haku ya sa mata ɗan wani abu na can a baki. Za ta haye gada, aka ce ta riƙe numfashi. Za ta zauna, dole ta nemi aiki, don marar aikin yi a gidan wankan tsohuwa Yubaba dabba ake mayar da shi. Ita ma Yubaba, duk muguntarta, akwai rantsuwar da ta ɗaure ta cewa wanda ya nemi aiki sai ta ba shi. Kuɗin ɗaukar aikin kuwa suna ne. Ta ƙwace sunan yarinyar ta bar mata guntu, Sen, kuma ranar da ta manta cikakken sunanta ta rasa hanyar gida ke nan.

Idan ka zo wurin baƙon nan mai wari, ka rage gaggawa. Wata halitta ce ta shigo gidan wankan tana jan jiki, laka na zuba daga jikinta, ma'aikata suna toshe hanci suna gudu, aka tura wa sabuwar yarinya ita. Cikin ruwan wankan hannun Chihiro ya taɓa wani abu mai kama da ƙaya a jikin baƙon. Aka ɗaura igiya, gida duka ya taru ana ja, sai ga kan keke ya fito, bayansa tulin tarkace da gwangwanaye da ƙarafa, shara iri-iri. Ashe ruhin wani kogi ne da mutane suka mayar juji. Miyazaki ya taɓa shiga aikin share wani kogi inda aka ciro keke daga cikin laka, daga nan ya ɗauko wannan. Wanda ke jiran faɗa zai ga wanka kawai aka yi. Wanda ya tambayi kansa me ke damun wannan halittar, wa ya cuce ta, shi ne ya fara kallon yadda ya kamata.

Ka tafi da tambayoyin nan biyu, mece ce dokar kuma me aka biya, zuwa duk abin da za ka kalla gaba. A Fullmetal Alchemist na Hiromu Arakawa an faɗi dokar ƙarara tun daga farko: ba ka samun abu sai ka ba da daidai da shi. Yara biyu, Edward da Alphonse, sun yi ƙoƙarin dawo da mahaifiyarsu da ta rasu. Edward ya rasa ƙafar hagu, ƙanensa ya rasa jikinsa gaba ɗaya, sannan Edward ya ba da hannun dama ya ɗaure ran ƙanen a jikin sulke. Sauran labarin duka biyan bashin wannan daren ne. An yi anime ɗinsa sau biyu. Ka nemi na 2009 mai ƙarin suna Brotherhood, kashi 64, don shi ya bi littafin har ƙarshe. A Demon Slayer na Koyoharu Gotouge galibi dodannin ba sa mutuwa sai da hasken rana ko a fille musu kai da takobi na musamman, shi ya sa kowane faɗa tsere ne da fitowar alfijir. Amma abin da ya riƙe ni a wannan labarin shi ne Tanjiro, yaro mai sayar da gawayi, wanda bayan ya sare dodo yakan tsaya a kansa da tausayi, domin kowane dodo a da mutum ne, kuma sau da yawa sai an nuna maka wane ne shi kafin ya lalace.

Zai ƙara maka daɗi ƙwarai idan ka san 'yan gidan, wato halittun ɓoyen da ke cikin waɗannan labarai, tun kafin ka haɗu da su. Japanawa suna kiransu yokai, kuma sun girmi talabijin nesa ba kusa ba. Tun a 1776 mai zane Toriyama Sekien ya fitar da littafin hotunansu. Kappa yana zaune a kogi, a tsakar kansa akwai ɗan rami mai ruwa wanda ƙarfinsa ke ciki. Yana jan mutane cikin ruwa, amma ladabi ya yi masa yawa: ka rusuna masa, shi ma zai rusuna, ruwan ya zube, ƙarfin ya tafi. Kitsune yanyawa ce mai rikiɗa ta zama mace, jelarta na ƙaruwa da shekaru har ta kai tara, kuma irinta ce aka rufe a cikin jikin yaron nan Naruto. Tanuki ɗan dabba ne mai ƙaton ciki, mai son wasa da yaudara. Akwai kuma kayan gida, laima ko fitila ko takalmi, waɗanda idan sun kai shekara 100 sai su yi rai, wasunsu da fushin an yar da su. Mutumin da ya fi kowa dawo da waɗannan halittu cikin manga shi ne Shigeru Mizuki, mai GeGeGe no Kitaro, wanda ya rasa hannun hagu a Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya ci gaba da zane da hannu ɗaya har ya rasu a 2015. A garin da ya tashi, Sakaiminato, akwai titi guda da aka jera gumakan tagulla na halittunsa.

Ka kuma koyi karanta alamun wuri. Idan ka ga ƙofa mai ginshiƙi biyu da sanda a gicciye a sama, sau da yawa ja, tsaye ita kaɗai babu katanga, to iyaka ce, wanda ya ratsa ta ya shiga hurumin wasu. Igiyar ciyawa mai kauri da aka ɗaura wa bishiya ko dutse, da fararen takardu na lilo a jikinta, tana nufin akwai mai wurin. Faɗuwar rana kuwa lokaci ne da duniyoyin biyu ke gogar juna. Masu zanen ba sa tsayawa yin bayani, don 'yan ƙasarsu sun riga sun sani.

Nan ne ya kamata in faɗi wata magana da ba na wasa da ita. Waɗannan labarai sun tsiro ne daga addinin gargajiyar Japan, wato Shinto, da addinin Buddha, inda ake ganin kogi da dutse da tsohuwar bishiya kowanne da abin bautarsa. Za ka ga ana tafa hannu a gaban wurin bauta, ana ajiye abinci, ana roƙo. Ni Musulmi ne, ina kallonsu a matsayin labarin wasu mutane da yadda suke fassara duniyarsu, kuma babba mai hankali ya san inda labari ya tsaya. Yaro ƙarami bai sani ba. Idan za ka ba ƙanenka ko 'yarka, ka fara kalla da kanka, sannan ku zauna tare, ya tambaya ka amsa. Kada kuma zane ya ruɗe ka ka ɗauka komai na yara ne. Demon Slayer a mujallar samari ya fito, amma akwai sare kai da jini tun kashi na farko. Yawancin labaran da ake jefa saurayi wata duniya ya zama gwarzo cike suke da tsiraici marar dalili, kuma ba ka rasa komai ba idan ka tsallake su. Ga ƙananan yara, My Neighbor Totoro na 1988 ya wadatar.

Yanzu ga waɗanda na fi so, kuma su ne mutane suka fi tsallakewa don babu ihu a cikinsu. Mushishi na Yuki Urushibara labarin Ginko ne, mutum mai farin gashi da ido ɗaya, yana yawo ƙauye-ƙauye da akwatin katako a baya, yana duba mutanen da wasu ƙananan halittu da ake kira mushi suka shafa. Mushi ba su da mugunta, rayuwarsu kawai suke yi, sai dai wani lokaci rayuwar tasu takan bi ta jikin mutum. A wani kashi ya isa ƙauyen da dusar ƙanƙara ta rufe, mutane suna kurmancewa a kunne ɗaya. Ya gano wata halitta ce mai siffar dodon-koɗi da ke cin sauti. Da hunturu ya haɗiye ƙarar daji sai ta rasa abinci, ta shige kunnuwan mutane. Maganin ruwan gishiri ne a ɗura a kunne. Babu takobi, babu wanda aka kashe. Shi kansa Ginko yana da nasa farashin: jikinsa yana jawo mushi, don haka ba shi da ikon daɗewa a gari ɗaya, komai son da ake masa. Zangon farko na 2005 kashi 26 ne, kowanne labari ne mai zaman kansa.

Na biyu shi ne Natsume's Book of Friends na Yuki Midorikawa. Natsume maraya ne mai ganin abin da mutane ba sa gani, dangi suka yi ta miƙa shi hannu-hannu suna cewa maƙaryaci ne. Ya gaji wani littafi daga kakarsa Reiko, wadda ta riƙa cin yokai a gasa tana sa su rubuta sunayensu, kuma mai riƙe da sunan shi ke da iko da mai sunan. Natsume ya zaɓi ya mayar wa kowa sunansa. Yakan ciro takardar ya kama ta da baki, ya haɗa tafin hannu, ya hura, sai tawadar ta tashi ta koma wurin mai ita, shi kuma a lokacin ya ga abin da ya wakana tsakanin halittar da kakarsa. Sau da yawa sai ka tarar halittar ta shafe shekaru tana jiran Reiko ta kira ta ne kawai. Irin waɗannan biyun ba a yi musu kallon jere. Kashi ɗaya a dare, minti ashirin da 'yan kai, da abin sauraro a kunne, domin rabin aikin a sauti yake: takun ƙafa, iska, kukan ƙwari na bazara.

Batun murya, ni na fi son a bar Japanancin a karanta fassarar da ke ƙasa, don 'yan wasan muryarsu gwanaye ne. Amma idan karatun yana hana ka ganin zanen, ka ɗauki wanda aka ɗora wa Turanci, babu laifi. Tun 2020 finafinan Ghibli suna kan Netflix a ƙasashen Afirka, kuma ana iya sauke su a kalla ba data. Crunchyroll, dandalin kallon anime, ya fi yawan masu dogon zango, sai dai abin da ke buɗe ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka duba sunan abin da kake nema kafin ka biya. Kana saukewa a waya, ka zaɓi matsakaicin inganci. A ƙaramar fuska bambancin kaɗan ne, datar kuwa ta ragu sosai.

Manga kuma daga dama ake karanta shi zuwa hagu, kamar yadda muka saba a allo, don haka hannun wanda ya yi makarantar allo ba zai sha wuya ba. Ka fara da akwatin da ke sama ta dama, ka yi hagu, sannan ka sauko. Maganganun cikin akwati ɗaya ma haka. Kusan duka baƙi da fari ne. Idan ka ga gefen shafi ya koma baƙi ƙirin, yawanci an koma baya ne ana tuna abin da ya wuce. Shafin da babu magana kada ka wuce shi da sauri, da gangan aka bar shi haka. Manhajar Manga Plus ta kamfanin Shueisha, wadda aka buɗe a 2019, tana ba da babi uku na farko da uku na baya-bayan nan kyauta a labaran da ke kan fita, amma nasu kaɗai, don haka ba za ka samu Mushishi ko Natsume a can ba. 'Yan'uwa na Nijar da Chadi da Kamaru masu karanta Faransanci sun yi sa'a, domin Faransa na cikin manyan kasuwannin manga a wajen Japan, kuma abin da aka fassara da harshen yana da yawa. Idan kana son littafin da ya kammala, Demon Slayer juzu'i 23 ne, Fullmetal Alchemist kuma 27. Kafin ka gama ko wanne, kada ka rubuta sunan wani ɗan cikin labarin a YouTube ko TikTok ko Facebook, don bidiyon farko da zai fito maka yana iya zama na mutuwarsa.