Littattafan da za ka fara nema in an ɗora maka wa'azin Lahadi

Wannan na rubuta ne saboda 'yan'uwanmu masu jin Hausa da ke sujada a ikilisiyar Angilika nan Port Sudan, musamman katikis da masu karatu da Rabaran kan ce musu "kai za ka yi mana wa'azi ranar Lahadi" alhali ba su taɓa shiga makarantar tauhidi ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane da yawa sun bar littattafansu a Khartoum, shi kansa Akbishop Ezekiel Kondo nan ya dawo da zama, to dole mu san abin da ya fi muhimmanci mu fara da shi.

Na farko dai ba sharhi ba ne, wato littafin da ke bayanin ayoyin Littafi Mai Tsarki, jadawalin karatu ne. Mu Angilika ba ka tashi ka zaɓi ayar da ta yi maka daɗi kawai, akwai karatun ranar, Tsohon Alkawari da Zabura da Wasiƙa da Bishara. In ikilisiyarku na bin jadawalin shekara 3 ne, shekarar A Matiyu ce, B Markus, C kuma Luka, Yahaya yana shigowa jefi-jefi musamman lokacin Ista. Ka tambayi Rabaran wanne ake bi, ka kuma buɗe Littafin Addu'a ka karanta gajeriyar addu'ar ranar, sau da yawa ita za ta nuna maka inda karatun huɗun nan suka haɗu.

Sai Littafi Mai Tsarki, kuma don Allah kada ka tsaya a juyi ɗaya. Akwai tsohon na Hausa na 1932 wanda su Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS suka sha wahalarsa, akwai wanda aka sabunta daga baya da yawancinmu muka tashi da shi, ga Sabon Rai Don Kowa, ga kuma na Larabci na Van Dyck na 1865 da za ka ji ana karantawa a kanisa nan. Ka sauke su a manhajar YouVersion ranar da ka samu intanet mai kyau yadda za su buɗe ko babu sabis, kowa ya san yadda wuta da netwok suke yanzu.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan, mutum ya buɗe sharhi tun bai karanta nassin ba. Wallahi ana ganewa, wa'azin sai ya fito da muryar wani Bature da ya mutu tuntuni, jama'a na kallonka amma ba kai suke ji ba. Ka karanta surar gaba ɗaya tun Litinin, ka sake karantawa da ƙarfi, ka ɗauki biro ka rubuta abin da ka gane da abin da ya ɗaure maka kai, wa ke magana, da wa, me ya faru kafin nan. Tambayoyin nan su za ka kai wa sharhi wajen Laraba ko Alhamis.

In kuɗin littafi ɗaya gare ka, ni dai Africa Bible Commentary zan ce ka saya. Ya fito a 2006, marigayi Tokunboh Adeyemo ya jagoranci aikin da malamai 'yan Afirka 70, kundi ɗaya ne daga Farawa har Wahayi, kuma yana taɓo zancen gwauraye da maita da ƙabilanci da gudun hijira, abubuwan da ke cikin gidajenmu. Bayansa ka nemi na John Stott a kan Romawa ko Ayyukan Manzanni, limamin Angilika ne a Landan, ya rasu 2011, rubutunsa a fili yake kuma yana bin aya daki-daki. Na Bishop J.C. Ryle na Liverpool a kan Bishara huɗu tsoho ne amma yana ratsa zuciya, kyauta ma ake samunsa a intanet. Matthew Henry kowa na sonsa, shi ba Angilika ba ne, ya rasu 1714, ka sha daga cikinsa amma kada ka kwafe, zamaninsa daban.

Ƙamus na Littafi Mai Tsarki da taswira kuwa kada ka raina su. Ɗauki Ayyukan Manzanni 8, mutumin nan ma'ajin sarauniya Kandakatu da Filibus ya yi wa baftisma, ƙamus zai gaya maka sarautar tana Meroe ne, wadda dalolinta ke nan har yau arewa da Shandi. Ka faɗa wa jama'a haka ranar Lahadi ka ga yadda za su gyara zama, mutumin ƙasar nan ne ashe.

Konkodans na Strong yana taimakawa wajen bin kalma ɗaya cikin Littafi, sai dai a kan Turancin King James aka gina shi, in ba ka da wannan juyin akwatin bincike na manhajar ya ishe ka.

Ranar Asabar ka rufe littattafan duka, ka rubuta saƙonka a jimla ɗaya da Hausar da mama a bencin baya za ta gane, in ya ƙi shiga jimla ɗaya ka koma kan nassin tukuna. Wanda ke da littafi kuma ya kawo shi ofishin kanisa a rubuta sunansa a ciki, a buɗe rajistar aro, mako biyu-biyu ya wadatar.