Yadda zaka gyara bes ɗin ɗakin kallonka kafin ka sayo wata wufar

Mafi yawan masu kukan wufarsu, wato sifikar da ke fitar da bes, sautin nan mai kauri na ƙasa, bata bugawa, ko tana wani gurnani da yake cinye maganar 'yan fim, in ka bincika ba wufar ce da laifi ba, ɗakin ne. Kuma abun takaicin sai mutum yaje ya ƙaro babba ya dire ta a daidai inda tsohuwar take, ya koma kujerar da ya saba zama, matsalar tana nan sai dai ƙararta da ta ƙaru.

Dalili shine igiyar sautin bes doguwa ce sosai. Sauti yana gudun kusan mita 343 a sakan ɗaya, to igiyar 40 Hz (Hz shine yawan kaɗawar sauti a sakan ɗaya) tsawonta ya haura mita 8, ta 20 Hz kuwa kusan mita 17, kaga tafi ɗakin kansa tsawo, sai ta daki bango ta dawo ta ci karo da wadda ke tafe, a wani wurin su haɗu su ƙara ƙarfi a wani wurin su kashe juna. Kamar ka girgiza ruwa a baho ne, gefe da gefe ruwan yana tashi yana sauka amma tsakiyar kusan a tsaye take. Zaka iya lissafa inda ɗakinka zai yi rigima, ka ninka tsawonsa sau biyu sai ka raba 343 da abun da ya baka. Ɗaki mai tsawon mita 5 zai baka 34 Hz da ninkinta wajen 69, faɗin mita 4 zai baka 43, silin mai tsayin mita 2.5 shima 69. Ka lura 69 ta fito sau biyu ko, to a irin wannan ɗakin nan ne gurnanin zai taru. Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne yafi kowanne wahala saboda wannan.

Dan haka fara da kujera, ita ce bata cin ko sisi. Kar ka zauna a tsakiyar ɗaki cif, nan ne ramin da bes yake ɓacewa, kuma kar ka jingina kujerar da bangon baya, can kuma yawa yake har ya dame. Masu harkar suna cewa ka fara gwadawa daga kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗakin, a ɗakin mita 5 wajen mita 1.9 kenan daga bango, amma fa ba doka bace, wurin farawa ne kawai. Matsar da kujera rabin mita wani lokacin yana canza komai.

Sai kuma rarrafe, eh rarrafe nake nufi, kuma gara kayi shi lokacin da ba kowa a gidan. Ɗauki wufar ka ɗora ta akan kujerar da kake zama, kusa da inda kanka yake kaiwa in zai yiwu, ka haɗa ta da doguwar waya, ka kunna waƙar da ka sani sosai mai jitar bes da take hawa tana sauka, ba mai duka ɗaya ba, kasa ta tana maimaitawa. Sai ka durƙusa ka bi gindin bango a hankali kanka a ƙasa kana saurare. Zaka ji wani wurin kamar an kashe wufar, kaje kwana kaji kamar zata fasa maka kai, ba waɗannan kake nema ba. Wurin da kake nema shine inda kowane bugu yake fita daidai da ɗan uwansa, ba wanda yayi tsalle ba wanda ya nutse. Manna salatif a wurin, ka nemo biyu ko uku, sannan ka mayar da wufar can ka dawo kujera ka tabbatar. Kwana tana ƙara ƙarfi kyauta, gaskiya ne, in wufarka ƙarama ce zata taimaka, sai dai tana tayar da duk rigingimun ɗakin a lokaci ɗaya. In kuma wufar mai rami ce ta baya, bar mata ɗan fili tsakaninta da bango ta samu numfashi.

Yanzu shiga saitin risiba, wato na'urar da sifiku da wufa suke haɗe da ita. Duk sifikunka ka sasu a Small, har manyan nan dogaye da kake alfahari dasu, Small ɗin ba raini bane, kawai yana nufin a tura bes ɗinsu zuwa wufa. Kirosoba, wato iyakar da duk sautin da ke ƙasa da ita ake turawa wufa, ka fara da 80 Hz, shine ma'aunin THX, kamfanin da ke tsara ƙa'idojin sautin silima, dan ƙasa da nan kunne baya iya gane daga ina sauti yake fitowa sosai. In sifikun ƙanana ne ainun ka ɗaga zuwa 100 ko 120. Maɓallin kirosoba dake bayan wufar kuma ka murɗa shi har ƙarshe ko ka sa shi a inda aka rubuta LFE, kar a tace sautin sau biyu. Akwai wani ɗan makunni a bayan wufar mai 0 da 180, kunna sautin gwaji na 80 Hz ka zauna a kujerarka wani ya dinga juya maka shi, wanda yafi ƙarfi shi zaka bari. Bolum ɗin wufa kuwa mutane suna cika shi, in kana jinta a lokacin da mutum biyu ke hira kawai a fim to tayi yawa.

Risibobi da yawa suna zuwa da makirfo na awo, Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, wasu kuma Dirac Live. Kayi amfani dashi amma bayan ka gama matsar da kujera da wufa, kuma in ya gama ka leƙa, sau da yawa zaka tarar an mayar da sifikun gaba Large, ka dawo dasu. In kana son gani da idonka akwai manhajar REW kyauta ce, ka haɗa da makirfo irin UMIK-1 a kwamfuta zata zana maka tudu da ramin ɗakinka, wato inda bes yayi yawa da inda ya ɓace. Abun da zaka riƙe shine ikwalaiza, wato saitin dake rage ko ƙara ƙarfin wani ɓangare na sauti, tana iya aske tudu amma bata cike rami, dan a ramin sautin kashe kansa yake, ko ka ninka wutar amfilifaya 3 dB kawai ka ƙara a ma'aunin ƙarfin sauti kuma wanda yake dawowa daga bango shima ya ƙaru daidai da haka, sai dai ka wahalar da wufar a banza.

Maganin rami shine matsawa, ko wufa ta biyu. Ni a ganina matsakaita guda biyu sun fi ƙatuwa ɗaya, musamman in ba kai kaɗai kake kallo ba. Binciken da Todd Welti yayi a kamfanin Harman ya nuna a ɗaki mai kusurwa huɗu in aka sa biyu a tsakiyar bangwaye masu kallon juna, bes yana kusan zama ɗaya a kujeru daban daban.

Soson nan siriri mai ƙwai-ƙwai da ake mannawa a bango kuwa, kar ka ɓata kuɗinka in dan bes ne, sautin sama kawai yake sha, ɗakin ya mutu gurnanin yana nan. Kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon igiyar 100 Hz ma kusan santimita 86 ne, me soson santimita 5 zai mata. Abun da yake aiki shine audugar dutse ko ta gilas mai kauri, santimita 15 zuwa 30 ko fiye, a kusurwoyi daga ƙasa har silin, a rufe da yadi mai barin iska ta wuce, kuma ka sa safar hannu da takunkumi wajen yankata dan tana ƙaiƙayi. Ko ita ɗin tafi tasiri a saman bes, can ƙasa wajen 30 da 40 Hz sai dai wurin da ka ajiye wufar da kuma ikwalaiza.

Wani abun kuma da ake ɗorawa wufa alhali ba ita bace, karkarwar kayan ɗaki. Kunna sautin gwaji mai hawa a hankali daga 20 zuwa 120 Hz, ka bi ɗakin kana dafa taga, ƙofar kabad, firam ɗin hoto, murfin fitila, duk wanda ka dafa ƙarar ta tsaya to shine, ka cusa masa ɗan roba ko ka ɗaure sukurunsa. In daɓen katako ne ko a bene kake, sa wa wufar ƙafafun roba masu laushi a ƙasa, zai rage girgizar da take bi ta daɓe zuwa wajen na ƙasa da kai, amma wanda yake bi ta iska ya ratsa bango sai dai ka rage bolum in dare yayi.