Yadda Ake Dasa Gamba a Iyakar Gona

Gamba ciyawar dajin Afirka ce, daga Senegal har Sudan, ta gangara kudu har Mozambik. An kai ta Brazil da Ostareliya don kiwo, kuma a arewacin Ostareliya ta yaɗu har ta zama annoba saboda gobarar da take ruruwa. Ke nan a duniya ba ta kusa da ƙarewa. A kewayen birnin Kano ne take ja da baya: fulotai sun cinye gonakin Kumbotso da Ungogo, dabbobi na cin tohonta tun bai yi ƙwari ba, masu zana kuwa sai sun yi nisa kafin su samu dami. Mai gona a bayan gari zai iya mayar da ita da hannunsa.

Dashe ya fi shuka iri tabbas. Irin gamba mai gashi ne, iska na kwashe shi, sabon iri kuma ba ya tsirowa sai ya kwana watanni. In dai iri za ka shuka, kada zurfin ya wuce santimita 2.

Jira ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Nemi tsohon tushe mai lafiya, ka haƙo shi da saiwarsa, ka tsaga shi gida-gida, kowane yanki da kara uku ko huɗu. Datse ganyen ya rage kamar taƙi ɗaya, domin dogon ganye na zuƙe ruwan dashen kafin saiwa ta kama. Dasa a ranar, da yamma, taku ɗaya tsakanin rami da rami, ka take ƙasar da ƙafa sosai. Ramin da aka bari sakwa-sakwa shi ne wanda dashensa ke bushewa. Ƙasa mai yashi, wato jigawa, ta fi dacewa da ita. Inda ruwa ke kwanciya makonni, saiwar ruɓewa take yi.

Daminar farko ta haƙuri ce. Yi mata noma sau biyu, kuma kada akuya ta kusance ta, don tumɓuke ta za ta yi gaba ɗaya.

Daga shekara ta biyu sai ka zaɓi abin da kake so da ita. Idan abincin dabbobi ne, yanka tana ɗanya kafin ta fitar da kai, duk bayan mako shida, ka bar santimita 15 zuwa 20 a ƙasa. Da zarar ta yi kara, shanu ganyen kawai za su tsinta su bar sauran. Idan zana ce, bar ta ta kai ƙarshen girmanta, tana iya haura mita 3, ka sa lauje da kaka in karan ya yi ja-ja, ka shanya a tsaye.

Kafin hunturu ya kankama, share busasshiyar ciyawa taku uku kewaye da layin. Gamba na sake toho bayan wuta, amma rumbu da bishiyoyin da ke kusa da ita ba sa tsira.