Hular kwano tukuna, shokazoba mai tsada daga baya

'Yan'uwa masu mota da babur, in kuɗin hannu ba zai ɗauki sayen kayan kariyar babur da canjin shokazobar mota a tare ba, ku fara da kayan kariyar babur. Hular kwano ce kan gaba, mai rufe har haɓa, mai tambarin ingancin kariya na ECE 22.06 ko DOT, kuma ta kama kai sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa ta daidai yana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin ɗari. Don Allah kada ku sayi ta hannu, domin soson cikinta kan murƙushe a faɗuwa ɗaya, waje kuwa ba a ga komai ba. Sai safar hannu, tunda hannu ke fara kaiwa ƙasa, da takalmi mai rufe idon sawu.

Motar kuwa, a raba gyara da ƙawa. Shokazoba mai yoyon mai, ko motar da ke ta rawa bayan ta faɗa rami, wannan ba ya jira: yana ƙara tazarar tsayawa in an taka birki, yana cin taya. A canza hagu da dama tare, a duba bushin (robobin mahaɗar ƙafar mota), a yi alaimen (daidaita saitin tayoyi). Shokazoba irin na motocin tsere da ake sa wa don sauke mota ƙasa, wannan ya bari sai aljihu ya sarara.