Kurakuran da aka fi yi wajen yanke hukuncin cewa mutum yana da lalurar ƙwaƙwalwa

Likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam suna da ma'aunai da suke dubawa kafin su ce halin wani ya fita daga na mai lafiya: ko halin ba kasafai ake ganinsa ba, ko ya saɓa wa abin da jama'a suka saba, ko yana hana mutum tafiyar da rayuwarsa, ko yana azabtar da shi. Kowanne yana da amfaninsa. Inda gizo ke saƙa shi ne a ɗauki guda ɗaya a ce shi kaɗai ya isa yanke hukunci. Ɗalibai suna yin wannan kuskuren, dangi suna yi, wani lokaci har ƙwararru.

Wanda ya fi saurin ruɗar mutane shi ne na ƙididdiga, domin lamba tana da kwarjini. A gwajin kaifin basira matsakaicin maki 100 ne, kuma kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai suke faɗowa ƙasa da 70. Kyawun wannan ma'auni shi ne ba ruwansa da son rai. Amma masu maki sama da 130 su ma kusan kashi 2 ne, ba wanda yake kai su asibiti. A ɗaya ɓangaren, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum 1 cikin 8, wato kusan miliyan 970, yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Yawan masu ciwon damuwa bai mayar da shi lafiya ba. Lamba tana faɗin yawa ko ƙaranci ne, cutarwa kuwa sai an bincika daban. Shi ya sa littafin DSM-5, jagorar tantance lalurorin ƙwaƙwalwa ta Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, yake auna tsananin raunin basira da yadda mutum yake iya kula da kansa da mu'amala da mutane, maki shi kaɗai bai wadatar ba.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗaukar saɓa wa jama'a a matsayin cuta. A 1851 wani likita a kudancin Amurka, Samuel Cartwright, ya rubuta cewa bayin da suke gudu daga iyayen gijinsu wata cutar ƙwaƙwalwa ce take damunsu, har ya raɗa mata suna. Mutum yana neman 'yancinsa, likita ya ce ba shi da hankali. A tsohuwar Tarayyar Sobiyet, musamman daga shekarun 1960 zuwa 1980, an riƙa tsare masu sukar gwamnati a asibitocin ƙwaƙwalwa da sunan wani nau'in tabin hankali da aka ce a hankali yake tafiya, alamominsa ba sa fitowa fili. Duk inda mai ƙarfi ne yake tsara abin da ake kira daidai, wannan ma'auni yana iya zama bulala a hannunsa.

Ba jefar da shi za a yi ba. Sau da yawa ta nan ake fara gane akwai matsala: mutumin da aka sani da kamun kai ya wayi gari yana tuɓe kaya a bainar jama'a, dole a tsaya a duba. Gyaran shi ne a gwada mutum da kansa na da, kafin a gwada shi da sauran mutane. A kuma tambayi waɗanda suka fito daga al'umma ɗaya da shi ko su ma suna ganin halin baƙo ne. Wadda mijinta ya rasu ta ce ta ji muryarsa da dare, a al'ummomi da yawa wannan ba abin mamaki ba ne, amma likitan da bai san asalinta ba yana iya rubuta mata ciwo mai nauyi. DSM-5 ya tanadi tambayoyi 16 domin jin yadda mara lafiya yake fahimtar matsalarsa bisa al'adarsa, kuma ya faɗa ƙarara cewa rikici tsakanin mutum da jama'arsa ba cuta ba ne sai in ya samo asali daga wata tangarɗa a cikin shi mutumin.

Sai ma'aunin gaza tafiyar da rayuwa, wanda masana halayyar ɗan Adam David Rosenhan da Martin Seligman suka faɗaɗa a 1989. Ina ganin ya fi sauran adalci, saboda yana duba wahalar mutumin kansa: yana cin abinci, yana wanka, yana fita aiki? Duk da haka ana kuskure da shi ta fuska biyu. Akwai mace mai zuwa ofis kullum a kan lokaci, tana gaisawa da fara'a, ta koma gida ta kwana kuka ba barci, wata da watanni. Wanda ya tsaya a kan "ai tana aikinta" ya bar ta cikin ciwo. Akwai kuma wanda aka yi wa rasuwa ya kasa taɓuka komai na 'yan makonni, a yi gaggawar ce masa mara lafiya. A nan tsawon lokaci ne yake raba gardama. Kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato ICD-11, ba ya kiran jimami lalura sai ya wuce aƙalla wata 6 da tsananinsa, sabon bugun DSM na 2022 kuma ya ce wata 12 ga manya. Bambancin nan kaɗai ya isa ya nuna cewa iyakar mutane ne suka shata ta, a riƙe ta da sassauci.

Jiran mutum ya ce yana shan wahala shi ma yana yaudara. Mai ciwon da yake ɗaga shauƙi fiye da kima yana iya kwana uku ba barci, yana watsa dukiyarsa, yana rantsuwa bai taɓa jin daɗi irin na yanzu ba. Sai an saurari na kusa da shi.

Masaniyar halayyar ɗan Adam Marie Jahoda ta bi ta wata hanya a 1958, ta lissafa siffofi 6 na cikakkiyar lafiyar ƙwaƙwalwa, irin su yarda da kai, jure matsi da cin gashin kai. Sun yi kyau a matsayin abin da za a nufa wajen jinya. In aka mayar da su sharaɗi, da wuya a sami wanda zai tsallake. Haka nan kuskure ne haɗa tabin hankali da haɗari: mafi yawan masu lalurar ba sa cutar da kowa, su ne ma aka fi cutarwa.

Akwai wanda ake mantawa da shi gaba ɗaya, wato jiki. Tsohon da jiya yake hira lafiya, yau bai gane 'ya'yansa ba, yana fizge-fizge, ba tabin hankali za a fara zato ba. Ruɗewar da ta zo cikin awoyi ko 'yan kwanaki sau da yawa daga zazzaɓi take, ko cutar mafitsara, ko faɗuwar sukari, ko wani magani da aka fara sha. Matsalar tayirod, wato ƙullun da ke gaban wuya mai samar da wasu sinadaran jiki, ita ma tana kwaikwayon ciwon damuwa da fargaba. Irin wannan tsohon a auna zafin jikinsa, a gwada jini da fitsari, a tattaro duk magungunan da yake sha a nuna wa likita a ranar.