Yadda nake haɗa wa kifin Parosphromenus ruwa a Kano

Ɗan kifin nan, da ake kiwo a akwatin gilashi, tsawonsa bai wuce santimita 4 ba. Asalinsa fadamun tsibiran Borneo da Sumatra ne a kudu maso gabashin Asiya, inda ruɓaɓɓen ganye ya mayar da ruwa kamar shayi, ga tsami, ma'aunin tsaminsa (pH) wajen 4. Gonakin kwakwar manja na cinye fadamun, shi ya sa ba na sayen kamun daji. Nemi haihuwar gida.

Kada ka kusanci ruwan bohol, da shi na kashe biyu a Gwale. Tari ruwan sama a Agusta, bayan kwanon rufi ya wanku. Jiƙa busasshen ganyen bishiyar almond ta Indiya (Terminalia catappa) har ruwan ya yi ja, ka rage haske. Abinci sai mai motsi, tsutsar sauro ta wadatar.

Da hunturu, in an ɗauke wuta, bargona nake lulluɓa wa akwatin gilashin.